Wa Zai Ɗauko Inna In Wuta Ta Tashi

Ni 'yar Batsari ce, a can aka yanke mani cibiya. Aikin koyarwa ne ya jefa ni Safana, a shekarun nan da kowa ke kwana da takalminsa kusa da kai. Na kama ɗaki a wani gidan haya mai zaure ɗaya, ɗakuna jere hagu da dama, rijiya a tsakiya. Da can malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma kaɗai ke zama gidan. Da 'yan bindiga suka taso mutanen ƙauyuka sai ya cika da dangin dangi, da awaki, da buhunan hatsi, da harawar dabbobi jibge a kan kowane rufi. Ƙofar baya Alhaji mai gidan ya sa an toshe ta da bulo. Tagogi kuwa duk an yi masu walda da rodi. Ba mai ganin laifinsa, don a lokacin abin tsoro daga waje yake zuwa.

Ni da wani tsoron daban na zo. Kafin in baro Batsari gobara ta tashi a unguwarmu da rana tsaka, a gidan wani gurgu mai gyaran rediyo. Matarsa ta kulle shi ta waje ta tafi unguwa, kamar yadda ta saba. Ƙofar ƙarfe ce, aka yi ta dukanta da taɓarya da gatari ta ƙi. Ina tsaye ina kallo wani maƙwabcinsa ya riƙe mashi hannu ta tsakanin rodin taga yana laƙanta mashi kalmar shahada, har zafi ya sa ya saki. Tun daga ranar duk ɗakin da na shiga sai na duba ta ina ake fita kafin in nemi wurin zama. Mutane na cewa na cika fitina. To, na cika ɗin.

A gidan namu na Safana akwai waɗanda in wuta ta tashi ba za su fita yadda kowa zai fita ba. Akwai Baba makaho, yayan Alhaji, wanda ke wuni a ɗaki da carbinsa. Akwai wata bazawara kurma mai wankau, in ta duƙa kan wanki ko ganga za a buga a bayanta ba ta sani ba. Sai kuma Inna, wadda ita ce ta hana ni barci.

Inna tsohuwa ce daga wani ƙauye gaba da Runka. Ƙafafunta sun daɗe da shanyewa, mace ce kuma mai jiki, ga baki, in ta yanka maka magana sai ka kwana kana juya ta. Ranar da aka tashi ƙauyensu a amalanke aka fito da ita. Ɗiyarta na auren wani tela a gidan namu, don haka dole ta sa Inna zaman gidan suruki, abin da ta ce ko a mafarki ba ta taɓa kawowa ba. Aka ba ta ɗakin ƙurya, aka jibge 'yan buhunan geron da suka tsira da su a gefenta.

Wanda bai san surukutar mutanen nan ba, ba zai gane sauran labarin ba. Tela bai taɓa taka ƙofar ɗakin Inna ba. Da safe yakan tuɓe takalmi tun daga bakin rijiya, ya tsuguna jikin bango inda ba za ta hango shi ba, ya gaida ta da murya ƙasa-ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska, alhali ga bango a tsakaninsu, ta amsa a taƙaice. Ba ta cin abinci in ta ji motsinsa a tsakar gida. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mai ɗinkin nan". In tana da magana da shi ɗiyarta za ta gaya wa, ko da kuwa yana jinta. Shi ma in zai ambace ta sai ya sunkuyar da kai ya ce "su Inna". Mu ma a Batsari muna kunyar surukai, amma tasu ta dame tamu ta shanye.

Ɗiyar kan fita da safe ta kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tasha. Ranar da na fara ganin kwaɗo rataye a ƙofar ɗakin ƙurya, na kuma ji tarin Inna daga ciki, sai na ajiye abin da nake yi. Na zauna bakin rijiya na jira ta, tana shigowa ko tiren kanta ban bari ta sauke ba.

Na ce, "Ke, mutum kike kullewa ko akuya?"

Ta ce, "Haba Malama, gero nake kullewa. Kin san yadda gari yake. In aka ɗauke mana shi me za mu ci?"

"Makullin yana ina?"

Ta nuna mani bakin zanenta.

"In wuta ta kama kina tasha fa?"

"A'uzubillahi! Malama, ki faɗi alheri mana."

Na ce alherin ke nan nake faɗa mata, na ba ta labarin mai gyaran rediyo ban rage komai ba. Ta sauke tiren ta zauna a ƙasa.

Ana cikin haka aka kira mu bita kan tsaron makarantu. Wani ɗan birni ya yi ta nuna mana hotunan benaye, da wata kujera da ake sauko da marasa ƙafa a kanta. Na ɗaga hannu na ce mu ba mu da bene, dokin ƙofa gare mu da kwaɗo. Aka yi dariya. Amma magana ɗaya ta bakinsa ta zauna mani. Ya ce duk mai lalura a san mutumin da zai fitar da shi tun kafin ranar ta zo, a kuma gwada a gani da ido. Da wannan maganar na tunkari Alhaji.

Ya saurare ni yana sakace, sannan ya ce, "Malama, ke dai ba ki da aiki sai kiran masifa. Wuta da ruwa ai na Allah ne."

Na ce, "Alhaji, 'yan bindigar ma da sanin Allah suke zuwa. Me ya sa ka sayi bulo?"

Ya tuntsire da dariya, ya ce wallahi mijina na da aiki. Ƙofar baya dai ya ce ko zan mutu ba zai buɗe ba, amma sauran in yi abin da na ga dama, kada dai in ce ya kawo ko sisi.

Na fara da wani ɗan acaɓa da ke ɓoye jarkar fetur ƙarƙashin gadonsa. Muka yi kaca-kaca, ya ce fetur ɗinsa ya fi albashina daraja, na ce na yarda, ya kai shi inda zai ƙone shi kaɗai. Da ƙyar ya kwashe. Harawar kan rufi kuwa ta gagare ni, don kowa sai ya ce in nuna mashi inda zai sa ta, ni kuma ba ni da wurin. Baba makaho muka ja mashi igiya jikin bango tun daga ƙofarsa har zaure. Ya yi ta mita, wai tun ba a haife ni ba yake yawo gidan nan. Na ce a lokacin ba awaki da turame a hanya, ba kuma mutane na gudu suna bangazar juna. Ya haƙura. Kwana kaɗan na dawo na tarar mata sun shanya kayan yara a kan igiyar, na kwashe na watsar a ƙasa, aka yi kwanaki ba a gaishe ni. Kurma kuwa maƙwabciyarta mai jego ta ɗauki nauyin zuwa ta taɓa ta. Ita kurmar da kanta ta ƙirƙiro alamar wuta, ta riƙa kaɗa yatsu sama tana hura baki. Makullin ɗakin Inna aka buga mashi ƙusa a zaure, kusa da keken ɗinkin tela. Muka ce duk wanda ya fita ya tsaya gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida, don a ga wanda babu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Tambayar da ta rage ita ce wa zai ɗauko Inna. Da rana maza na gona ko kasuwa, ni ina makaranta, ɗiyar tana tasha. Daga mai jego sai kurma, kuma mun gwada da su, da ƙyar muka raba Inna da tabarma. Namiji mai ƙarfi ɗaya ne ke wuni gidan, kekensa na zaure daga safe har magariba.

Na sami Inna tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa har da tambayar kwanan awaki, sannan na ce, "Inna, in Allah ya kawo ƙaddarar wuta da rana, tela zai shigo ya ɗauke ki."

Ta ajiye gyaɗar. "Wa?"

"Tela."

"Ke ɗiyar Batsari, uwarki na da rai?"

"Tana nan lafiya."

"To in kin tafi ki tambaye ta ko za ta hau bayan mijinki."

Na ce, "Inna, maganar rai fa ake yi. Kuma a addini suruki muharrami ne, kamar ɗan cikinki yake."

Ta ce, "Wa ya ce haramun na? Cin tuwo tsakiyar kasuwa ma ba haramun na ba. Kin taɓa ci?"

Ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba da ɓara, ta ce wutar duniya ba ta daɗewa, kunya ita ke daɗewa, in tashi in ba ta wuri. Na tashi raina a ɓace na nufi zaure. Da na gaya wa tela sai ya tsayar da keke, ya ce, "Malama, don Allah ki rufa mani asiri. Ni in taɓa su Inna?" Na ce to ya zauna ya yi ta ɗinki har ta zama toka. Na bar shi nan, bai ci gaba da ɗinkin ba.

Dabarar fata tawa ce. Na ga kurma na jan ƙullin jiƙaƙƙen wanki a kan buhu maimakon ta ɗauka, sai abin ya faɗo mani. Na samo busasshiyar fatar sa wurin mahauta, baduku ya huda ta ya ɗaura mata doguwar igiya mai kauri. Alhaji ya yarda a fasa dokin ƙofar ɗakin ƙurya, da sharaɗin a mayar kafin damina. Shirin shi ne Inna ta riƙa wuni zaune a kan fatar, bakin igiyar kuma ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a waje. In wuta ta tashi, tela ya ɗauko makulli ya buɗe kwaɗo, ya tura ƙofa da ƙafa, ya juya baya, ya saɓa igiya a kafaɗa ya ja har zaure. A nan mata su karɓe ta. Ba ya taɓa ta, ba ya ganinta.

Inna ta shafa fatar, ta shinshina, ta ce, "Wato ni za a ja awa mushen jaki."

Na ce, "Mushen jaki ba ya zagin mai jansa."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce in dai ba zai gan ta ba, ta yarda.

Wata Juma'a bayan la'asar muka yi gwaji. Gidan ya zama wurin kallo, har maƙwabta na leƙe ta katanga. Na buga tsohon kwano da ludayi na yi ihu. Baba makaho ya bi igiyarsa yana faɗin shi fa don a zauna lafiya yake yi. Mai jego ta je ta taɓa kurma, kurma ta fito tana kaɗa yatsu tana dariya. Da aka zo kan Inna sai ta ce atafau. Ranar wuta in ta zo, to, amma haka siddan don wasa surukinta ba zai ja ta gaban mutane ba. Shi ma tela ya ce hakan ya fi. Na ce gwajin da ba Inna ai ba gwaji ba ne. Suka taru a kaina, har Alhaji ya ce kada in cika zaƙewa, an ba ni hannu ina neman kafaɗa. Sai aka sauke Inna gefe, aka ja labule, aka ɗora buhun gero biyu a kan fatar.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Buhu biyu? Ni ce buhu biyu?"

Aka kwashe da dariya. Tela ya juya baya ya ja, buhunan suka bi shi sumul har zaure, mata suka rangaɗa guɗa. Kowa ya ce shiri ya yi. Ni ma na koma ɗaki da ɗan sanyi a raina, na ce ko ba komai an rage.

Wutar ta zo a tsakiyar bazara, bayan azahar, ina hanyar dawowa daga makaranta. Wata maƙwabciya ce ta zubar da toka da sauran garwashi, guguwa ta ɗebo ta watsa kan harawar da ke rufin ɗakunan ƙurya. Tun daga nesa na hango hayaƙi, na cire takalmi na riƙe a hannu na zura da gudu. Ƙofar gida cike da mazan unguwa da bokitai. Gindin bedi na ga Baba makaho zaune yana salati, na ga kurma rungume da jaririn mai jego. Na duba ban ga Inna ba.

Na kutsa zaure, wani ya riƙe mani hijabi na fizge. A tsakar gida na tarar da tela tsaye, ya ba ɗakin baya, igiya a kafaɗarsa, fatar na kwance a bayansa ba kowa a kanta. Ya yi duk abin da aka ce ya yi. Yana ganina ya ce, "Malama, ba nauyi! Na ja, ba nauyi!" Amma bai waiwaya ba.

Ashe zafin ranar ne ya ishi Inna, fatar na manne mata a jiki. Da ɗiyarta ta kulle ta fita, sai ta ja jiki ta sauka, ta koma lungun bayan buhuna inda randa take, ta tuɓe riga ta sassauta zane tana watsa wa jikinta ruwa. A nan wutar ta same ta.

Na faɗa ɗakin. Hayaƙi ya cika shi, silin ɗin kwali na ci yana zubowa. Na lalubo ta, na sa hannu ƙarƙashin hammatarta na ja. Jikinta jiƙe, sulɓi, ga nauyi, ko motsi ba ta yi ba. Ita kuwa ba abin da take faɗa sai, "Mayafina, miƙo mani mayafina." Na sake ja har na faɗi zaune. Na rarrafo bakin ƙofa ina tari na ce, "Kai tela! Shigo ka ɗauke ta!"

Inna ta ɗaga murya daga ciki, "Kar ya shigo! Na ce kar ya shigo!"

Ya tsaya cak, ya rasa wadda zai bi. Wallahi a lokacin da ina da taɓarya da na rotsa mashi kai. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai in ka bari matar nan ta ƙone! Me za ka gaya wa matarka? Ka ce kunya kake ji?"

Sai ya saki igiyar, ya ce bismillahi, ya juyo ya shiga. Ya sunkuce ta gaba ɗaya kamar ba ita ce buhu biyu ba. Yana fitowa wani ɓallin silin mai ci ya faɗo mashi a kafaɗa, bai ko tsaya ba. Ya ratsa tsakar gida, ya ratsa zaure, ya fita da ita cikin taron mazan nan, zanenta a kugu kawai. Na bi su ina kiciniyar cire hijabina, ban samu na rufe ta ba sai gindin bedi. Kafin nan duk mai ido ya gani. Tela ya dire ta, ya juya, ya tafi bayan masallaci ya tsuguna.

Ba a rasa rai ba. Ɗakunan ƙurya sun tafi, geron ma ya tafi, mutanen unguwa suka kashe sauran da ruwan rijiya da ƙasa. Ɗakina bai taɓu ba, don haka Inna ta dawo wurina. Ni a zatona an gama, sai godiya ga Allah.

'Yan jaje ne suka ƙarasa ta. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Inna, kin yi sa'ar suruki, ɗa na gari ke nan," sannan ta kwashe labarin yadda ya rungumo ta ta sake ba ta, kamar ba da ita aka yi ba. Inna ta juya fuska bango. Tuwo in an kawo daga ɗakin ɗiyarta ba ta taɓawa, sai ɗan kunun da na dama da hannuna, shi ma sai na yi da gaske. Bakin nan nata ya mutu, na tsokane ta ta kowace hanya ta ƙi ramawa. Liman ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya yi mata nasiha, ya ce lalura ce, kuma ko ba lalura ba laifi a shari'a. Ta ce ta gode, Allah ya saka. Tela ya aiko matarsa ta ce zai kwashe kekensa ya koma kasuwa, ya riƙa kwana a can, ba za ta sake jin ko tarinsa ba. Inna ta ce ba a tada mai gida don baƙo.

Ashe ta riga ta aika wa ƙanenta, wanda yunwar gari ta sa ya koma ƙauyen nasu yana noma a kan ko a mutu ko a yi rai. Ranar da na ji, na shigo ɗaki ko sallama ban yi ba.

Na ce, "Inna, garin da aka fito da ke a amalanke za ki koma? In 'yan bindigar suka dawo wa zai ɗauke ki?"

"Ƙanena. Cikinmu ɗaya."

"In yana gona fa?"

"Sai abin da Allah ya yi."

Na ce, "Wato mun fitar da ke daga wuta don ki je ki kai kanki ga bindiga? Surukin nan naki kafaɗarsa har yanzu ruwa take yi. Wannan wace irin kunya ce da ta fi rai? Wallahi Inna, wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne!"

Na faɗi maganganu da yawa a ranar, ba kuma zan ce na yi nadamarsu ba. Ta bar ni na gama, sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar wutar.

Ta ce, "Malama, ke kin yi naki, Allah ya biya ki. Amma duk lomar da zan kai baki gidan ga, shi ya nemo ta. Kuma ya gan ni. Ba ta wucewa, ɗiyata. Na gwada, ba ta wucewa."

Ɗiyarta ta yi kuka har muryarta ta dishe, Alhaji ya sa baki, Baba makaho ma ya lallaɓo ya zo ya roƙe ta. Ba wanda ta saurara.

Ranar kasuwa ƙanen ya zo. Aka samu akori-kura mai zuwa Runka, daga can kuma sai amalanke. A lokacin hanyar nan ba a binta sai da addu'a, direbobi ba sa yarda la'asar ta same su a kanta. Ni da ɗiyar da ƙanen da kurma muka ɗaga ta muka zaunar tsakanin buhunan gishiri da jarkokin manja. Tela bai fito ba. Wannan ne ganina na ƙarshe da ita, don da damina ta faɗi aka mayar da ni Batsari, ƙauyen nasu kuwa ko waya ba ta shiga.

Direba ya tada mota, sai Inna ta yafito ni. Na matsa fuskata a ɗaure, don har lokacin fushi nake da ita. Ta kama mani hannu ta ce, "Ki ce wa mai ɗinkin nan ya riƙa shafa zuma a kafaɗar, ya bar sa riga mai nauyi." Motar ta fara gangarawa. Ta ƙara da cewa, "Ki ce mashi na yafe mashi."

Na tsaya sororo har suka sha kwana. Na yafe mashi! Mutum ya shiga wuta ya fito da ke, fatarsa ta saluɓe, wai kin yafe mashi. Na ce wallahi ba zan kai wannan saƙon ba. Amma saƙo amana ne, na shiga zaure.

Yana zaune gaban keke, ba ya ɗinki, tsumma a kafaɗarsa. Na gaya mashi maganar zuma, ya ce to. Na gaya mashi ɗayar a gatse, ina jiran in ga ransa ya ɓaci kamar nawa.

Ya ɗago kai ya ce, "Malama, da bakinsu suka faɗa?"

Na ce, "Da bakinta."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa alhamdu lillahi. Sai ya kifa kai a kan keken ya fashe da kuka, ƙato da shi, har zaren da ke kai ya faɗo ya gangara ƙasa. Na duƙa na ɗauko zaren na ajiye mashi. Haushi ya hana ni nawa kukan sai da na shiga ɗaki na tarar da tabarmarta a shimfiɗe.